Kwamfuta da saunkad a situdiyon gida

Situdiyon gida ɗaki ne da ake naɗar waƙa ko ƙasida ko talla a cikinsa da kayan aiki kaɗan: kwamfuta, makirufo, da wata 'yar na'ura da ke shiga tsakaninsu, wadda masu sana'ar suka fi kira saunkad. Aikinta shi ne ta karɓi sautin makirufo ko fiyano, ta ƙara masa ƙarfi, ta mayar da shi lambobin da kwamfuta ke iya adanawa, sannan ta dawo da shi zuwa lasifika ko hedifon. A jihar Zamfara, musamman Gusau, a irin waɗannan ɗakuna ake naɗar waƙoƙin siyasa da na biki da na bege.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, makaɗan wannan yanki ba su da hanyar adana waƙa sai ta gidajen rediyo da kamfanonin faifai. Yawancin abin da ya rage na muryar makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru, waɗanda dukansu da kotso suka yi suna, ya zo ne ta faifan garmaho da kaset da taskar gidajen rediyo kamar na Kaduna da Rediyon Rima na Sakkwato. A lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, sai a 1996 aka cire ta. Naɗin wancan zamani na zama ɗaya ne: uban kiɗi da 'yan amshi da makaɗa duk a lokaci guda, in wani ya yi kuskure a sake daga farko ko a bar shi haka nan.

A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio 144, rikoda mai naɗar layi huɗu daban-daban a kan kaset, kuma da yawa suna ɗaukar ta a matsayin mafarin situdiyon gida. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya ba fiyano da kwamfuta damar yin aiki tare. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da manhajar naɗa da haɗa sauti mai suna Cubase a 1989 don kwamfutar Atari, wata irinta mai suna Pro Tools ta biyo baya a 1991 a Amurka. FruityLoops, manhajar haɗa kiɗa da kamfanin Image-Line na Beljiyam ya yi, ta bayyana tsakanin ƙarshen 1997 da farkon 1998, aka sauya mata suna zuwa FL Studio a 2003.

A ƙasar Hausa, sauyin ya biyo ta Kano ne. Tun wajen tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyin finafinai suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, mutum ɗaya yana fitar da kiɗan da a da sai ƙungiya guda. Daga baya aikin ya koma kan kwamfuta, ya bazu zuwa sauran jihohi. Saunkad masu araha na USB, irin su Scarlett ta kamfanin Focusrite da ta fito wajen 2011 da jerin UMC na Behringer, su suka sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya buɗe nasa ɗakin.

Zaɓen kwamfuta

Naɗar murya ɗaya ba ta cin ƙarfin kwamfuta. Abin da ke wahalar da ita shi ne tara layuka da yawa, kowanne da manhajojin gyaran murya da amo a kansa. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) irin Core i5 ko Ryzen 5 da RAM (ma'adanar wucin gadi) mai gigabait 8 suna ɗaukar aiki matsakaici, 16 ya fi kwanciyar hankali. Ma'adanar SSD ta fi tsohon hadis mai juyawa sauri, ba ta kuma yin ƙara. Layi ɗaya na murya a bit 24 da kilohaz 48 (ma'aunan ingancin naɗi) yana cin kusan megabait 8.6 a minti, saboda haka wuri ba ya cika da wuri sai an tara kayan kiɗa na manhaja.

A Gusau wutar lantarki ce ke yanke hukunci fiye da komai. Kwamfutar tebur tana mutuwa nan take in an ɗauke wuta, aikin da ba a adana ba ya tafi, sai in akwai inbata ko UPS. Laftof kuwa batirinta ya isa a ƙarasa baiti. Shi ya sa ta fi karɓuwa, kuma galibi ta hannu ake saye, a Gusau ko a kasuwannin Kano. A ta hannu, batiri da fanka da ramukan USB ne abin dubawa tun a shago. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka suna sa furosesa rage gudu, sai a ji sauti yana tsinkewa.

Akwai saɓani kan Mac da Windows. Dukkansu suna aikin. Windows ta fi araha da sauƙin samun mai gyara.

Zaɓen saunkad

Tambaya ta farko ita ce makirufo nawa za su yi aiki a lokaci guda. Mawaƙin fiyano da ke ɗora murya a kan kiɗan da aka riga aka haɗa, ƙofa biyu (ramukan saƙala makirufo) sun ishe shi, har amshinsa shi zai yi wa kansa layi bayan layi. Ƙungiyar kotso ko kalangu ba ta shiga wannan tsari, domin kiɗan da amshin suna bin numfashin uban kiɗi ne, in aka raba su waƙar kan yi sanyi. Irin wannan naɗi yana son ƙofa huɗu zuwa takwas, ko miksa (na'urar haɗa makirufo da yawa) a gaban saunkad, abin da ba kasafai masu saye ke tunawa da shi ba sai makaɗan sun iso.

Makirufo nau'in kwandensa yana buƙatar wutar bolt 48 daga saunkad ta wayar makirufo mai suna XLR. Yana kama sauti daki-daki, ciki har da janaretan maƙwabta da babur da ke wucewa. A ɗakin da ba a lulluɓe bangonsa da soso ko bargo ba, nau'in dainamik kamar Shure SM58 ya fi rufin asiri.

Jinkirin sauti shi ne ratar da ke tsakanin furta kalma da jin ta a hedifon. Girman bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, ne ke ƙayyade shi: a kilohaz 44.1, bafa 128 na ƙara kusan milisakan 3 a kowace hanya, 1024 kuwa kusan 23, wanda ya isa ya rikita mawaƙi. Ana rage bafa lokacin naɗi, a ƙara ta lokacin haɗa sauti. A Windows, direban ASIO (manhajar da ke haɗa saunkad da kwamfuta), tsarin da Steinberg ya kawo wajen 1997, shi ke rage jinkirin, kuma wanda kamfanin saunkad ɗin ya rubuta da kansa ya fi na gama-gari irin ASIO4ALL. Yawancin saunkad suna da maɓallin da ke kai muryar kunne kai tsaye ba ta bi ta kwamfuta ba.

Gunjin wuta

Lantarkin Najeriya na tafiya a haz 50, kuma rashin wayar ƙasa mai kyau kan sa wani gunji ya shiga naɗi, musamman a kan janareta. Gwajin da aka saba yi shi ne zare cajar laftof. In gunjin ya ɗauke, daga wutar yake, sai a yi naɗin da batiri.