Mece Ce Liyafar Gala, Kuma Ina Kuɗinta Ke Zuwa?

Duk shekara da watan Mayu ya kama, hotunan taurari cikin tufafi masu ban al'ajabi kan cika Instagram, a ƙasansu an rubuta Met Gala. Da yawa daga masu kallo sun ɗauka gasar kwalliya ce. Alhali taron neman kuɗi ne, kwalliyar kuwa ita ce ke jawo idon duniya gare shi.

Gala liyafar dare ce ta alfarma da wata gidauniya ko ƙungiyar agaji ke shiryawa don tara kuɗi. Ba a shiga sai da tikiti, kuma da gangan ake tsawwala farashinsa ya ninka kuɗin abin da baƙo zai ci ya sha, domin rarar ita ce gudummawar. Kamfanoni sukan sayi tebur sukutum, su gayyato wanda suke so ya zauna. Ana cikin cin abinci sai a fara gwanjo: riga, agogo, zane, ko damar cin abincin rana da wani shahararre. Akwai gwanjon da ake yi da shela, akwai kuma na shiru, inda ake jera kayan, kowa ya rubuta tayinsa a takarda ko a waya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A nan ne masu hannu da shuni ke nuna isa, masu shiryawa ma sun san haka sarai, shi ya sa suke jira sai an ci an ƙoshi kafin su buɗe gwanjon.

Met Gala ita ce uwa a wannan fage. Wata mai tallata harkar tufafi, Eleanor Lambert, ce ta fara ta a New York a 1948, tikiti dala 50. A 2024 tikitin mutum ɗaya ya kai dala 75,000, a 2025 kuma an tara dala miliyan 31. Ana yin ta ranar Litinin ta farko a watan Mayu, Anna Wintour ta mujallar Vogue ke jan ragamarta tun 1995. Sai dai kuɗin ba na marayu ba ne, ba kuma na marasa lafiya ba. Sashen tufafi na gidan tarihi na Metropolitan ake tara wa, wanda shi ke nema wa kansa kuɗin gudanarwa. Ba laifi ba ne, amma wanda ya ji an ce taron tallafi ya kamata ya san wa ake tallafa wa.

Gwanjon tufafi ma kan tsaya da ƙafarsa ba tare da liyafa ba. A watan Yunin 1997, Gimbiya Diana ta ba da riguna 79 aka yi gwanjonsu a Christie's na New York, aka samu sama da dala miliyan 3 don yaƙi da cutar sankara da ƙanjamau.

Wanda ba shi da halin tebur fa? An buɗe masa wata ƙofar, wato sayayyar da ake cewa wani kaso nata na tallafi ne. Kamfanin American Express ya fito da wannan salo fili a 1983, da ya ce duk lokacin da aka yi amfani da katinsa na biyan kuɗi zai ba da senti ɗaya don gyaran mutum-mutumin 'yanci na New York. An tara kusan dala miliyan 1.7, cinikin kamfanin ma ya ƙaru, abin da ya sa sauran kamfanoni suka bi sahu ke nan. A 1994 Ralph Lauren ya jagoranci masu zanen tufafi a Amurka suka fara sayar da riguna don yaƙi da sankarar mama, a shekarar kuma kamfanin MAC ya fito da jan-bakin Viva Glam.

A nan ake buƙatar karatun ta-natsu, domin alƙawarin ba iri ɗaya ba ne. MAC cewa ya yi duk kuɗin da aka sayi jan-bakin za su tafi asusun tallafi. Wani kamfanin zai ce kashi 10 cikin 100 na ciniki, wani ya ce kashi 10 na riba. Tsakanin biyun akwai tazara mai yawa. Ciniki shi ne abin da ka biya a kanta. Riba kuwa sai an cire kuɗin yadi, ɗinki, talla, haya da albashi, kuma kamfanin ne da kansa ke yin lissafin. Mafi rauni duka shi ne a ce "wani ɓangare" ba tare da an faɗi adadi ba. Wasu ma sukan sa iyakar abin da za su bayar, da zarar an kai, sauran cinikin ya zama nasu, tambarin tallafin kuma yana nan a jikin rigar. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar Breast Cancer Action ta Amurka ta fara wani gangami a 2002, tana kira ga masu saye su yi tambaya kafin su ɗauki kaya don kawai an liƙa masa kirtanin ruwan hoda, alamar yaƙi da sankarar mama.

Haka lamarin yake ga gala kanta. Adadin da ake shelantawa a ƙarshen dare sau da yawa jimillar abin da ya shigo ne, ba a cire kuɗin zaure, abinci, makaɗa da masu ado ba. Dokar haraji a Amurka ma ta bambance: abin da ya haura darajar abincin da nishaɗin kaɗai ake lissafawa a matsayin kyauta.

Akwai kuma shagunan agaji, irin wanda Oxfam ta buɗe a titin Broad na birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940. Mutane ke kawo tufafinsu kyauta, yawancin masu tsaron shagon 'yan sa-kai ne, don haka ba a kashe kuɗin sayo haja, abin da ya rage bayan haya da wuta da albashin manaja ya wuce kai tsaye ga ƙungiyar.