Tabon fata mai daɗewa

Tabon fata mai daɗewa shi ne wurin da launinsa ya saɓa da na sauran jiki, ya yi duhu ko ya yi haske, har ya shafe watanni ko shekaru bai koma daidai ba. Launin fata daga sinadarin melanin yake. Idan ƙwayoyin da ke samar da shi suka yi aiki fiye da kima sai wurin ya yi baƙi, idan suka raunana ko suka mutu sai ya yi fari.

Kyasbi

Shi ne farin tabon da aka fi gani. Wani nau'insa naman gwari ne mai suna Malassezia, wanda dama yana zaune a fatar kowa, sai zafi da gumi da maiƙo su sa ya yaɗu a ƙirji da baya da wuya. Ana wanke shi da sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium sulfide. Launin yakan ɗauki watanni kafin ya dawo, kuma ciwon yakan sake tasowa da bazara. Wanda ke fitowa a kumatun yara lokacin hunturu galibi bushewar fata ce, shafa mai ya ishe shi.

Albaras da kuturta

Albaras tsohon ciwo ne, Alƙur'ani ya ambace shi cikin mu'ujizojin Annabi Isa (AS) a surar Ali Imrana da ta Ma'ida. A likitance, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin launi, sai fata ta yi fari fat, yawanci a kewayen ido da baki da yatsu. Yana samun kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Ba a ɗaukarsa ta cuɗanya ko cin abinci tare, amma an daɗe ana haɗa shi da kuturta, kuma wannan ruɗani ya hana mutane da dama aure. Ranar 25 ga Yuni ita ce ranar albaras ta duniya, an fara bikinta a Legas a 2011.

Kuturta daban take. Ƙwayar cuta ce, wadda likitan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya gano a 1873. Tabonta bai kai na albaras fari ba, ya fi kama da koɗewa ko ja-ja, kuma babbar alamarsa ita ce mutuwar wurin: a goga auduga mutum bai ji ba, gumi ma ba ya fita. A da, killace masu ita ake yi a ƙauyuka na musamman. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna, waɗanda yanzu ake sha wata 6 ko 12, kyauta. Ɗaya daga cikinsu, clofazimine, yakan sa fata ta yi duhu, amma tana washewa bayan an gama. Nijeriya ta sauko ƙasa da mai ciwo 1 cikin mutum 10,000 wajen 1998, sai dai har yau ana samun sababbin kamuwa. A Zariya, cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana Saye.

Baƙin tabo

Mafi yawansa sawun wani ciwo ne da ya riga ya warke: ƙurajen fuska, ƙuna, ƙyanda, cizon sauro da aka sosa. Baƙar fata ta fi saurin barin irin wannan tabo. Akwai kuma duhun kumatu da goshi da ke zuwa wa mata da juna biyu ko masu shan maganin tazarar haihuwa, rana kuma na ƙara masa ƙarfi. Baƙin da ke kwanciya a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi, ba dauɗa ba ce. Sau da yawa yana tafiya da ƙiba da ciwon suga.

Man bilicin

Mayukan da ake saya don kawar da tabo su kansu suna haifar da shi. Yawan shafa masu sinadarin hydroquinone na barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani. Masu sitiroyid suna sa fata ta yi siriri, ta fito da nankarwa da ƙuraje, masu sinadarin makuri (zaiba) kuma suna taɓa ƙoda. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Ana yawan cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na shafa shi, adadin da wasu ke ja da shi.

Kulawa

Ana fara da maganin abin da ya jawo tabon, a daina matsa ƙuraje, a kare wurin daga rana da hula ko mayafi ko man kariya. Man kaɗanya yana tausasa fata, ba ya sauya launi. Albaras ana gwada masa mayukan likita da haska masa haske na musamman, kuma fuska ta fi yatsu karɓar magani. Tabon da ba ya jin taɓi, ko mai saurin yaɗuwa, ko baƙin da ke girma yana zubar da jini, musamman a tafin ƙafa, na likitan fata ne, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.