Danjar da ta mutu, a asibiti muke ganin sakamakonta

Ina aikin jinya a sashen taimakon gaggawa, kuma sau da yawa daga irin raunukan da ake kawo mana nake gane cewa wata danja ta daina aiki. A hunturun da ya wuce, cikin mako guda aka kawo mana mutum uku daga mahaɗa ɗaya da ke kan babban titin shiga gari. Na ƙarshensu wani dattijo ne mai a-daidaita-sahu, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Ina ɗaure masa ita yana cewa, "'Yata, wallahi koriya ce ta ba ni hannu." Gaskiya ya faɗa. Jar fitilar ɗaya ɓangaren ce ta ƙone, mai tirela ya taho bai ga abin da zai tsayar da shi ba. Danjar da rabinta ke ci ta fi wadda ta mutu gaba ɗaya haɗari, domin mutum ya riga ya saki jiki da ita.

Jama'a, wannan na'ura tana buƙatar kulawa kamar yadda injin niƙa yake buƙata. Da yawa daga cikin danjojin yanzu da hasken rana suke aiki. Idan ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin sola, batir ba ya cika, sai fitila ta ɗauke tun kafin asuba, daidai lokacin da manyan motoci ke shigowa. Akwatin ƙarfen nan da ke gindin turke, a cikinsa ƙwaƙwalwar danjar take, ita ke raba wa kowane ɓangare daƙiƙoƙinsa. Da an ɓalle masa ƙofa, ruwan damina ya shiga, shi ke nan. Masu liƙa fasta suna toshe masa kafofin shan iska. Masu ƙona shara a gindinsa suna narkar da robar wayoyi. Mai haƙa ramin famfo ya sare wayar da aka binne bai ma sani ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne satar batir da wayar jan ƙarfe. Kuɗin da ɓarawo zai samu a wurin mai sayen ƙarafa bai kai asarar da wanda aka buge zai yi ba.

Gyara aikin ma'aikata ne, kada kowa ya buɗe akwatin da kansa, akwai wuta a ciki. Amma ma'aikaci ba zai gyara abin da bai ji labarinsa ba. Mai shayi, mai faci, mai sayar da kati, ku ne kuke wuni a wurin. Ranar da kuka ga fitila ta ɗauke, ko tana ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, ku sanar da mai unguwa da jami'in da ke ba da hannu, a Kano 'yan KAROTA. Idan haɗari ya auku, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Ku kuma direbobi, in kun iske danja a mace, ku tsaya cak, ku duba dama da hagu kafin ku shiga. Gudun cikin gari ba ya wuce kilomita 50 a awa, ko da titin ya yi fayau.