Kada a kashe injin hura iska don tsimin dizal

Wannan kira ne ga masu kula da tankunan tace ruwan datti a masana'antu, asibitoci da otal-otal, musamman na Sharaɗa, Chalawa da Bompai a Kano.

Tunda dizal ya yi tsada, wasu sun ɗauki ɗabi'ar kashe injin hura iska da dare, sai gari ya waye su tayar. Don Allah a daina. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tankin su ne ke cinye ƙazantar, kuma da iskar oksijin suke rayuwa. In aka hana su iska dare guda, taɓon da ke cikin tankin ya fara baƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, ruwan ya fita da dattinsa. Daga nan sai kogin Chalawa ko Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa ga latas da alayyahon da muke kai wa gida.

Ban musa ba, iskar tana cin kuɗi. A matatun ruwan datti da ke bin wannan hanya ta hura wa bakteriya iska, wadda aka ƙirƙiro a Manchester ta Ingila a 1914, hura iska kaɗai kan lashe kusan rabin wutar da ake sha, wani lokaci har fiye. Sai dai wani kaso na wannan wuta asara ce zalla, kuma nan ya kamata a yi tsimin.

A fara da awo. Oksijin kimanin miligiram 2 a kowace lita ya wadatar a yawancin tankuna. Abin da ya haura haka sosai, kuɗi ne ake hurawa sama. Datti ba ya shigowa daidai a kowane lokaci, don haka in aiki ya lafa a rage gudun injin, kada a kashe shi. Na'urar daidaita gudu tana yin wannan da kanta idan an haɗa ta da ma'aunin oksijin. A kula da bazara, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi.

Sannan ka tsaya bakin tankin ka duba da idonka. In ƙananan kumfa na tasowa ko'ina daidai wa daida, lafiya lau. In ka ga wuri guda yana tafarfasa da manyan kumfa, sauran wuraren shiru, to robar da ke fesa iska a ƙasan tankin ta yage ko bututu ya fashe. Babban kumfa saurin tashi yake yi, ya fashe a sama bai bar wa ruwan wani abin kirki ba. Ƙarami kuwa a hankali yake hawa, ruwan na tsotsar oksijin daga jikinsa.

In ma'aunin matsin iska yana ta hawa, ramukan robar sun toshe, injin na wahalar banza, a wanke su. Lokacin hunturu ƙura kan cushe filtar bakin injin, sai a riƙa dubawa akai-akai. Mahaɗan bututu kuma a shafa musu ruwan sabulu. Duk inda ya yi kumfa iska na zurarewa, a ɗaure wurin.