Cututtukan bairus masu tsanani ga masu shan maganin danne garkuwar jiki

Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya ta shiga yaƙar sassan jikinsa, irin su lufus da amosanin gaɓoɓi. Ana lafar da su ne da magungunan danne garkuwar, kamar firednisolon, metotireksat da rituksimab. Matsalar ita ce, garkuwar nan da aka danne ita ce take tsare ƙwayoyin bairus.

Sau da yawa haɗarin a cikin jiki yake tasowa, daga ƙwayoyin da suka daɗe a kwance. Ƙwayar ƙaranbau ba ta barin wanda ya taɓa yin ciwon, sai ta laɓe a jijiyoyi. Da garkuwa ta yi rauni sai ta farka, ta fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar ƙuna, jere a gefe ɗaya na ƙirji ko fuska. Ga irin waɗannan majinyata tana iya bazuwa zuwa huhu ko ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake son fara maganin bairus mai suna asaikulobir cikin awa 72 da fitowar ƙurajen.

Ciwon hanta nau'in B ya fi wannan sari-ka-noƙe. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar bai sani ba, a ba shi rituksimab, bayan watanni idanunsa su yi ɗorawa, hanta ta kasa aiki. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi mafi ƙarfi game da haka a takardar maganin. Don haka ake gwajin jini kafin a fara, wanda aka same shi da ita a ɗora shi kan entekabir ko tenofobir. Akwai kuma wata ƙwayar bairus da ake kira CMV, mai taɓa hanji da huhu da ido, da ƙwayar JC mai lalata ƙwaƙwalwa, cutar da ba ta cika aukuwa ba amma ba ta da takamaiman magani.

Gane cutar ma aiki ne. Firednisolon yana ɓoye zazzaɓi, kuma alamun kan yi kama da tashin ciwon asali, sai a ƙara maganin da ya kamata a rage.

An fi son a yi allurar riga-kafi kafin a fara danne garkuwa, domin bayan rituksimab ba ta kamawa sosai. Riga-kafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar na ƙyanda da shawara, galibi ba a yi wa waɗannan majinyata.