Wai hambaga naman alade ce? A'a

Jama'a wannan maganar ta dade tana yawo, ko jiya a Kawo sai da wata anti ta hana yaranta ci wai ai "ham" alade ne da turanci. Eh gaskiya ne kalmar ham cinyar alade take nufi, amma sunan hambaga ba daga nan ya fito ba, daga birnin Hamburg na Jamus ne, Jamusawan da suka yi kaura zuwa Amurka a karni na 19 su suka tafi da salon nikakken naman shanu, sunan garinsu ya bi abincin. Kamar dai a ce dan Zariya.

A waje kam ki tambaya, wasu suna dora bekon a kai, shi kam naman alade ne.

In a gida zaki yi, ki je Kasuwar Barci ki ce mahauci ya bar miki kitse kamar kashi 20 cikin 100, zallan tsoka bushewa take yi kamar kilishi wallahi. Gishiri da masoro sai zaki dora a kasko, kuma don Allah ki daina danne ta da cokali, romon ne kike matsewa. Ki bari cikin ya dahu sosai.