Manyan Jami'an 'Yan Sanda: Hawan Muƙami da Hidimar Jama'a

Manyan jami'an 'yan sanda su ne waɗanda ragamar runduna take hannunsu, ko rundunar ƙasa baki ɗaya, ko ta jiha, ko ta birni guda. Sunan muƙamin ya bambanta: sufeto-janar a Najeriya da Ghana da Kenya, darakta-janar a jihohin Indiya, kwamishina a Landan da New York, kwamishinan ƙasa a Afirka ta Kudu. Aikin kuwa kusan ɗaya ne. Su ke raba ma'aikata da motoci, su tsara kasafin kuɗi, su hukunta ɗan sandan da ya karya doka, su kuma tsaya gaban gwamnati da majalisa da 'yan jarida su amsa tambaya duk ranar da abu ya ɓaci. Da yawansu rabonsu da su kama ɓarawo da hannunsu tun suna ƙananan hafsoshi. Duk da haka, abin da suka tsaya a kai da abin da suka kau da kai gare shi, shi ne talaka yake tararwa ranar da ya kai ƙara caji ofis, ko ranar da aka jefa ɗansa bayan kanta.

Ƙofofin shiga

Tun farkon aikin ɗan sanda na zamani ake jayayya kan wanda ya dace ya shugabance shi. A 1829, da ministan cikin gida na Birtaniya, Robert Peel, ya kafa rundunar birnin Landan, mutum biyu ya ɗora a kanta: Charles Rowan, tsohon hafsan soja da ya yi yaƙin Waterloo, da Richard Mayne, matashin lauya. Babu wanda ya taɓa aikin ɗan sanda a cikinsu. Umarnin farko da suka ba mutanensu ya nuna cewa babban abin da ake nema shi ne hana laifi aukuwa, aka kuma sa musu shuɗin kaya, saɓanin jan kayan soja, don kada jama'a su ɗauka mayaƙa aka turo musu. Mayne ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1868. Daga nan aka yi ta ɗauko tsofaffin sojoji da manyan ma'aikatan gwamnati, sai a 1958 aka samu kwamishina na farko da ya faro daga kurtu, wato Joseph Simpson.

A yau ƙofofin shiga biyu ne. A Birtaniya kusan kowane shugaban runduna da sintirin ƙafa ya fara. Cressida Dick ta shiga aiki kurtu a 1983, ta zama mace ta farko da ta shugabanci 'yan sandan Landan a 2017, shekara 34 ke nan a tsakani. A Indiya kuwa jarrabawar ƙasa ta shiga manyan ayyukan gwamnati ake ci, a yi horo a makarantar 'yan sanda ta Hyderabad, a fito da muƙamin hafsa, cikin 'yan shekaru a danƙa wa matashi gunduma sukutum. Najeriya ta haɗa biyun: akwai mai shiga kurtu ya bi ta kofur da saje da sufeto, akwai kuma mai fitowa daga makarantar 'yan sanda ta Wudil da muƙamin mataimakin sufuritanda.

Kowace ƙofa da amfaninta da illarta. Wanda ya faro daga ƙasa ya san yadda ake kwana tsaye a bakin aiki, ya san dabarun da na ƙasa suke ɓoye wa na sama, amma sau da yawa yakan kai ƙololuwa ne ritaya na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda ya shigo da digiri yana da sauran shekaru a gaba da kaifin karatu, sai dai idan bai yi tawali'u ya koya daga sajen da ya girme shi ba, zai yi ta sa hannu a takardun da bai san abin da ke ƙarƙashinsu ba.

Tsakanin ƙofa da kujera akwai doguwar tafiya: shugabancin caji ofis, sashen binciken laifuka, tattara bayanan sirri, mulki da horarwa, ga sauyin wurin aiki da ba ya ƙarewa, ga kwasa-kwasai a makarantu irin Kwalejin Manyan Hafsoshin 'Yan Sanda ta Jos, ko makarantar da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta buɗe a 1935.

Wannan ra'ayi na cewa aikin ɗan sanda ilimi yake buƙata, ba ƙarfin damtse kawai ba, akwai hannun August Vollmer a cikinsa sosai. Shi kansa bai yi nisa a makaranta ba. Mai raba wasiƙu ne a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, mutanen gari suka zaɓe shi ya riƙe musu tsaro a 1905, ya zama shugaban 'yan sandan garin a 1909. Ya ɗora mutanensa kan kekuna, daga baya motoci, ya tsara ajiyar bayanan laifuka, ya riƙa ɗaukar ɗaliban jami'a aiki, a 1916 kuma ya fara koyar da ilimin laifuka a jami'ar garin. Abin da ya fi nanatawa shi ne ɗan sanda ya haɗa kai da makarantu da ma'aikatan jin daɗin jama'a, a tari yaro tun bai faɗa hannun kotu ba. Ɗalibansa sun shugabanci rundunoni da dama a Amurka, ciki har da O. W. Wilson da aka kira ya gyara ta Chicago a 1960.

Naɗi da wa'adi

A Amurka, inda hukumomin 'yan sanda suka kai kusan 18,000, magajin gari ko majalisar birni ke naɗa shugaban rundunar birni, shugaban tsaron gunduma kuwa galibi da ƙuri'a ake zaɓensa. A Ingila da Wales, tun 2012 zaɓaɓɓun kwamishinonin farar hula ke naɗa shugabannin mafi yawan rundunoni. A Najeriya shugaban ƙasa ke naɗa sufeto-janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, wadda gwamnonin jihohi ke ciki, dokar 2020 kuma ta yanka masa wa'adin shekara huɗu. Louis Edet ne ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar a 1964, Kam Selem ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975, amma tun daga 1999 yawancin waɗanda suka hau ba su wuce shekara biyu zuwa uku ba.

Batun wa'adi ba ƙaramin abu ba ne. Shugaban da ya san ana iya sauke shi da sanarwa guda, idonsa na kan mai naɗi, ba kan mai kawo ƙara ba. Gyaran runduna kuwa shuka ce da ba a girbe ta a damina ɗaya.

Hidima daga kan kujera

Idan aka ce hidimar jama'a, hankali yakan tafi ga gidauniya da rabon tallafi da lambar yabo. Waɗannan suna da ladansu, amma hidimar da ta fi taɓa rayuwar mutane ita ce wadda shugaba ya yi da ikon ofishinsa.

Kawaji Toshiyoshi, wanda ya je Turai a 1872 ya nazarci 'yan sandan Faransa, ya zama shugaban rundunar Tokyo na farko a 1874. Daga zamaninsa aka faro ƙananan ofisoshin unguwa da Japanawa ke kira koban. Ɗan sandan koban yana nuna wa baƙo hanya, yana karɓar tsintuwa, yana zagaya gidaje ya san mazauna cikinsu. Singafo ta ɗauki wannan tsari a 1983. A New York, kwamishina Arthur Woods ya sa aka riƙa rufe wasu tituna a 1914 don yaran talakawa su sami filin wasa. A Birtaniya, John Alderson, shugaban rundunar Devon da Cornwall daga 1973 zuwa 1982, ya yi ta kiran a mayar da ɗan sanda cikin unguwa ya zauna da jama'a, a lokacin da takwarorinsa da dama suka fi yarda da motar sintiri da garkuwar tarzoma. Bayan rikicin unguwar Brixton ta Landan na 1981 aka fara sauraronsa da kunnen basira. A Amurka, Lee Brown, wanda ya fara da sintiri a San Jose a 1960, ya kai irin wannan tsari Houston a 1982, ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci rundunar birnin.

Labarin Kiran Bedi ya cancanci a tsaya a kansa. Ita ce mace ta farko da ta shiga sahun manyan hafsoshin 'yan sandan Indiya, a 1972. A 1993 aka tura ta ta shugabanci gidan yarin Tihar na Delhi, wurin da fursunoni suka ninka adadin da aka gina shi dominsu, mafi yawansu kuma masu jiran shari'a ne. Ba ta zauna a ofis tana jiran rahoto ba. Kullum takan shiga cikin fursunoni da ƙafarta, ta duba abinci da magani. Ta sa aka riƙa zagayawa da kullallen akwatin koke, fursuna ya jefa takardarsa ba tare da ta bi ta hannun gandiroba ba, ita kuma ta karanta. Wanda ya iya karatu a cikinsu aka mai da shi malamin wanda bai iya ba. A 1994 aka ba ta lambar yabo ta nahiyar Asiya mai suna Ramon Magsaysay, a shekarar kuma ta kafa gidauniyar da ke kula da 'ya'yan fursunoni. Shekara biyu kacal ta yi a Tihar aka ɗauke ta.

Akwai kuma hidimar da ba ta jawo wa mai ita farin jini, wato share cikin gida. Robert Mark, kwamishinan Landan daga 1972 zuwa 1977, ya tarar cin hanci ya yi katutu a sashen binciken laifuka. Ya kafa sashe na musamman mai binciken 'yan sanda su kansu, ɗaruruwan jami'ai suka bar aiki a zamaninsa. Rashin irin wannan tsayuwa kuwa yakan kai har kan kujerar kanta. A 2005 kotu ta ɗaure tsohon sufeto-janar na Najeriya Tafa Balogun wata shida kan laifukan kuɗi, a 2010 kuma aka yanke wa Jackie Selebi, tsohon kwamishinan ƙasa na Afirka ta Kudu wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol, ɗaurin shekara 15 saboda cin hanci. Ɓarnar irin wannan ta wuce kuɗin da aka ci, domin kurtun da ke tsaye a shingen bincike yana kallon na sama.

Bayan tuɓe kaki

Mutumin da ya shafe shekara 30 ko 35 yana sasanta rikici yakan fita da sanin mutane da ba kowa ke da shi ba, shi ya sa ba kasafai ake barin su su huta ba. Wasu siyasa suke shiga: Lee Brown ya zama magajin garin Houston a 1998, Kiran Bedi ta riƙe muƙamin laftanar-gwamna na yankin Puducherry na Indiya daga 2016 zuwa 2021. M. D. Yusufu, sufeto-janar daga 1975 zuwa 1979, ya fito neman shugabancin ƙasa a 1998 lokacin da 'yan siyasa da yawa suka yi shiru a gaban Janar Sani Abacha. Shi da Ibrahim Coomassie, wanda shi ma tsohon sufeto-janar ne, duk sun jagoranci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa. Tsofaffin sufetoci-janar Musiliu Smith da Mike Okiro da Solomon Arase kuwa sun shugabanci Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, abin da wasu ke yabawa saboda gogewa, wasu kuma ke ganin bai dace tsohon ɗan gida ya zama mai sa ido a kan gidan ba. Julio Ribeiro, tsohon kwamishinan Mumbai, yana cikin waɗanda suka kafa kwamitocin zaman lafiya na unguwanni bayan tarzomar 1992 da 1993, inda Hindu da Musulmi da 'yan sanda suke zama tare su kashe wuta tun tana ƙarama.

Prakash Singh, tsohon darakta-janar na jihar Uttar Pradesh, kotu ya nufa. A 1996 ya shigar da ƙara gaban Kotun Ƙolin Indiya yana neman a cire hannun 'yan siyasa daga naɗi da sauyin wurin aikin 'yan sanda. Shekara goma ana shari'a. A 2006 kotun ta ba da umarni bakwai, ciki har da tabbatar wa darakta-janar na jiha wa'adin aƙalla shekara biyu, da raba sashen bincike da na kwantar da tarzoma, da kafa hukumomin da jama'a za su kai ƙarar 'yan sanda. Jihohi da dama sun yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, shi kuma ya ci gaba da komawa kotun yana neman a tilasta musu.